Cinikin kwantiragin makanikai da 'yan lodin jirgi a Amurka: me ya sa ake shekaru ana ja ba a tafi yaji ba?

Nura:
Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga manyanmu na wannan zaure da suka san harkar ƙwadago a sufurin jiragen sama. American Airlines da US Airways sun haɗe a Disambar 2013. Ƙungiyoyin TWU da IAM, masu wakiltar makanikai da 'yan lodi da ma'aikatan sito, suka haɗa kai suka zauna ciniki da kamfanin a Disambar 2015. Ba a daidaita ba sai ƙarshen Janairun 2020, ma'aikata suka kaɗa ƙuri'ar amincewa a watan Maris. Shekara 4 da ɗoriya, mutum sama da 30,000, kuma ko yini ɗaya ba su ajiye aiki ba. Tsoro ne, ko shugabanninsu aka saye? Don da a Ikeja ne da tuni an datse ƙofar filin jirgi.

Barista Maryam:
Wa alaikumus salam, Malam Nura. Doka ce ta ɗaure musu hannu. Ma'aikatan kamfanonin jirgin sama a Amurka ba sa ƙarƙashin dokar ƙwadagon da ke aiki a masana'antu. Tasu ita ce dokar ƙwadagon jiragen ƙasa ta 1926, wadda aka faɗaɗa a 1936 ta haɗa da jiragen sama, kuma tun asali an yi ta ne don kada sufuri ya tsaya.

A ƙarƙashinta kwantiragi ba ya mutuwa. Ranar da ke rubuce a ƙarshensa, ranar da aka buɗe ƙofar neman gyara ce kawai. Mai son gyara zai ba ɗaya ɓangaren sanarwa a rubuce aƙalla kwana 30 kafin lokaci, sai a fara zama gaba da gaba. In an cije, kowane ɓangare na iya kiran hukumar shiga tsakani ta ƙasa, NMB. Mutum 3 ne a cikinta, shugaban ƙasa ke naɗa su, majalisar dattawa ta tantance. To a nan ake daɗewa, saboda doka ba ta yanka wa hukumar wa'adi ba. Ita kaɗai ke da ikon cewa sasanci ya ci tura. Tana iya riƙe ku shekara biyu, tana iya dakatar da zama na watanni ta ce kowa ya je ya yi tunani.

In ta yarda an kai maƙura, sai ta miƙa tayin a kai maganar gaban mai raba gardama wanda hukuncinsa ba a ɗaukaka ƙara. Ɗaya ya ƙi, sai a ƙirga kwana 30 na hucewa. A cikinsu shugaban ƙasa na iya kafa kwamitin gaggawa: kwana 30 ya kawo rahoto, a ƙara wasu 30 bayan rahoton. Sai an wuce duk wannan ne ƙungiya ke da damar yaji, kamfani kuma ya sami damar rufe ƙofa, ko ɗora sharuɗɗansa, ko ɗaukar wasu a madadin masu yajin. Ko a nan ma majalisa na iya tsoma baki ta mayar da yarjejeniya doka, kamar yadda ta yi wa ma'aikatan jirgin ƙasa a Disambar 2022. A cinikin American, NMB ba ta taɓa sakin su ba. Agogon kwana 30 ɗin ma bai fara tafiya ba.

Kwamared Isa:
Barista ta gama maganar doka, Allah ya ƙara sani. Ni abin da nake so Nura ya gane shi ne wa jinkirin ke yi wa aiki. Ana cewa dokar ta ɗaure kowa daidai, amma wanda ke biyan tsohon albashi yana sayar da tikiti a sabon farashi bai ɗauru ba.

A yi lissafi. A ce makanike na karɓar dala 40 a awa, awa 2,080 a shekara. A ce ƙarin da ya kamata ya samu kashi 3 ne cikin 100 duk shekara, aka yi shekara 4 bai samu ba. Shekarar farko ya rasa kusan dala 2,500, ta biyu wajen 5,070, ta uku 7,700, ta huɗu 10,440. Jimla ta haura dala 25,000, kuma ban sa obataim ba, ban sa kason da kamfani ke zubawa a asusun ritaya ba, wanda shi ma da albashi ake auna shi. Sai ranar sa hannu a ce ga kyautar dala 6,000 ga kowa. Mutumin da bashi ya yi wa katutu zai ga kuɗi a dunƙule ya ce na'am, alhali ko rubu'in abin da ya rasa bai kai ba. Shi ya sa duk kwamitin da ya san aikinsa ke bambanta ariyas da kyautar sa hannu. Ariyas lissafin awannin da ka riga ka yi ne a sabon farashi. Kyauta kuwa abin da aka ga dama ne. Matuƙar kamfani ya san ba zai biya cikakken ariyas ba, kowane watan jinkiri riba ce a wurinsa.

A yi wa American adalci, a 2016 ta ba da ƙarin albashi na wucin gadi tun ana tsakiyar ciniki. Sai dai a madadinsa ta samu damar haɗa ma'aikatan kamfanonin biyu su yi aiki a jiragen juna, wanda shi ne babban abin da take buƙata daga ƙungiya a lokacin. Bayan ta samu, gaggawa ta ragu a ɓangarenta. A ganina an sayar da wannan makami da wuri.

Alhaji Garba:
Kwamared, ban yarda cewa ma'aikata ba su da abin yi ba. A 2019 American ta kai ƙungiyoyin biyu kotun tarayya a Fort Worth kan cewa makanikai na jan ƙafa da gangan. Alƙali John McBryde ya ba da umarnin wucin gadi a watan Yuni, ya tabbatar da shi a Agusta. Southwest ma ta kai AMFA, ƙungiyar makanikanta, kotu a farkon shekarar, bayan yawan jiragen da aka ajiye don gyara ya yi tsalle har ta ayyana dokar ta-ɓaci a ayyukanta. Ruwa ba ya tsami banza. Yaji ne aka yi ta bayan gida, kuma fasinja ne ya sha wahalarsa.

Injiniya Bello:
Alhaji, a yi a hankali a nan, don wannan ita ce gaɓar da ta fi kowacce sarƙaƙiya. Bari in faɗi yadda aikin yake.

Jirgi ya kwana a tasha, an ba makanike katin aiki: duba taya, birki, man inji, da wasu 'yan abubuwa. Yana zagayawa sai ya hangi lotsawa kusa da ƙofar ɗakin kaya, wadda ba ta cikin katinsa. Da zarar ya rubuta ta a littafin jirgi, jirgin ba zai tashi ba sai an rufe rubutun. Rufewar na nufin a auna zurfi da faɗin lotsawar da tazararta da ƙusar rivet mafi kusa, a gwada da iyakar da littafin gyaran gangar jirgi ya yarda. In ta wuce iyaka sai an jira amsar sashen injiniyoyi, wani lokacin har daga Boeing ko Airbus. Awa shida ta tafi. Haka yagewar rufin bangon ɗakin kaya: ido zai raina ta, amma wannan rufin shi ke tsare wuta da riƙe sinadarin kashe ta, don haka tana da iyaka a rubuce.

Wasu matsalolin ana iya ɗage su ta jerin MEL, wato abubuwan da jirgi ke iya tashi suna lalace na ɗan lokaci: rukunin B kwana 3, rukunin C kwana 10, rukunin D kwana 120, rukunin A kuma abin da aka rubuta masa. Amma ɗagewar ma aiki ce. A liƙa alama, wani lokacin a cire fis a ɗaure shi, a sanar da masu tsara tashi, don wata ɗagewar tana rage nauyin da jirgi zai ɗauka ko ta hana shi tsallaka teku.

To ina jan ƙafa yake a nan? Sifana mai auna ƙarfin ɗauri wa'adin tantance ta ya wuce, mutum ya ƙi amfani da ita. Tsani ya karye hannu, ya ƙi hawa. Aikin da doka ta ce sai sufeto na biyu ya duba, ya tsaya jiran sufeto. Duk bin littafi ne. Kuma sa hannun da ke littafin jirgi nasa ne, lambar lasisinsa ce. FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, na iya dakatar da lasisin ko ta ci shi tara shi kaɗai, ba ruwanta da manajan da ya tsaya a kansa yana duba agogo.

Alhaji Garba:
Na ji, Injiniya. Amma me ya sa idon nan bai ga lotsawar ba sai a watan da ciniki ya cije?

Injiniya Bello:
Tambayar na kan hanya, kuma ba zan ce ba a taɓa yi da gangan ba. Ana yi. Sai dai ka juya ta: in lotsawar ta wuce iyaka yau, jiya ma ta wuce, ke nan jiyan ne aka yi ba daidai ba. Jadawalin kamfanoni da yawa an gina shi ne a kan alfarmar ma'aikaci: ya karɓi obataim, ya fasa cin abinci, ya ruga sito da kansa maimakon jiran mai kawo kaya. Ran da zuciya ta ɓaci alfarma ke tsayawa, ko ba wanda ya ba da umarni. Kuma kada a manta a Maris na 2019 aka dakatar da jirgi samfurin 737 MAX, American da Southwest duk suna da shi, jiragen ko-ta-kwana suka yi ƙaranci, abin da a da ake rufewa da musanya jirgi ya koma soke tashi.

Barista Maryam:
Ku biyun kowa na da gaskiyarsa, amma kotu ba ta bin rubutu ɗaya-ɗaya ta ce wannan na gaskiya ne wancan na ƙarya. Kamfani kan kawo masanin ƙididdiga ya nuna cewa yawan jiragen da ba su shirya ba da asuba, ko yawan masu ƙin obataim, ya kauce wa abin da aka saba ta yadda ba zai zama dace ba. Sai a haɗa da takardun ƙungiya da saƙonnin wakilanta. Kalma irin "a yi aiki bisa ƙa'ida" a sanarwar ƙungiya lokacin ciniki, kotu na karanta ta a matsayin ishara. Dokar kuma ba ta tsaya a kan kada ƙungiya ta kitsa ba, ta ɗora mata nauyin yin iya ƙoƙarinta ta hana. Ko ƙin obataim da ba dole ba ne, in an yi shi a jam'i, kotu ta ɗauke shi a matsayin sauya yanayin aiki, kamar yadda aka yanke kan matuƙan Delta a 2001. A 1999 kuma an ci ƙungiyar matuƙan American tarar dala miliyan 45 da ɗoriya saboda ƙaryar rashin lafiya ta jam'i bayan umarnin kotu.

Shawara ga makanike a irin wannan lokaci: ya rubuta abin da ya gani da ma'auninsa da lambar shafin littafi, kada ya haɗa shi da maganar ciniki ko a baki ko a Facebook. In aka hukunta shi don ya ba da rahoton matsalar tsaro, akwai dokar 2000 da ke kare shi, amma kwana 90 kacal yake da su ya shigar da ƙorafi a ma'aikatar ƙwadago.

Hajiya Ladi:
Tun ɗazu makanikai ake ta yi, an bar 'yan lodi, alhali su suka fi yawa a waccan yarjejeniyar ta American. Matsayinsu a teburin ciniki daban yake. Makanike yana da lasisin A&P, na gyaran gangar jirgi da inji, wanda sai ya yi makarantar da FAA ta amince da ita, ko ya nuna wata 30 na aikin hannu a gangar jirgi da inji, sannan ya ci jarrabawar rubutu da ta baka da ta aiki. Ba a samun madadinsa a mako guda. Ɗan lodi kuwa cikin 'yan makonni ake horar da sabo, kuma ga 'yan kwangilar lodi irin Swissport da Menzies da Unifi a shirye, ga kuma ƙananan kamfanonin da manyan suka mallaka, irin Envoy da Piedmont na American, masu biyan ƙasa da haka.

Saboda haka a wurinsu sashen da ya fi albashi muhimmanci shi ne wanda ke shata aikin wa ne, ni ina kiransa shinge. A ciki ake rubuta tashoshin da dole ma'aikatan kamfani ne za su yi aiki, ko dai da sunan gari ko da adadin tashin jirage a mako. In da adadi ne, a duba wane tashi ake ƙirgawa. In manyan jirage kaɗai ake ƙirgawa, kamfani na iya mayar da wasu zirga-zirgar ga ƙananan jiragen abokan hulɗarsa, adadi ya faɗi ƙasa da iyaka, tasha ta tafi hannun ɗan kwangila ba tare da an karya ko harafi ɗaya ba. A duba kuma wane aiki ne a cikin shingen: lodi, tura jirgi baya, wanke ƙanƙara da sanyi, ɗakin rarraba jakunkuna, kayan dako, zuba ruwa da kwashe bayan gida. Abin da ba a ambata da suna ba, a ɗauka ya tafi.

A Mayun 2005 Alaska Airlines ta sallami 'yan lodinta 472 a Seattle dare ɗaya ta ba Menzies aikin. A 2008 mai raba gardama ya ce ta karya kwantiragi. Shekara 3 ke nan, mutane sun watse, kowa ya kama wata sana'a.

Sai maganar jiki. Ɗakin kayan 737 ba a miƙewa a ciki, a durƙushe ake jera jaka, mai kilo 23 ita ce ta yau da kullum, wata ta kai 32. A ce jaka 120 ce, a sauke a kuma loda wasu cikin minti 40. Mutum nawa aka rubuta dole su kasance a kan jirgi ɗaya? Awa nawa za a iya tilasta maka ƙarawa bayan dutinka, da sanarwar minti nawa? Kashi nawa na ma'aikata ne aka yarda su zama 'yan rabin lokaci, kuma nawa suke biya a inshorar lafiyar iyali? Wa ke da ikon tsayar da aiki in ana walƙiya? Ɗan lodin da ya samu ƙarin dala 3 a awa aka rage mutum ɗaya a tawagarsa, gwiwa da kafaɗa ne za su biya.

Kwamared Isa:
Hajiya, Allah ya saka. Kuma shingen nan a wurin makanikai ma shi ne uwa. Babban gyara, wanda ake kwance jirgi makonni a hanga, shi ke cin dubban awanni. United ta rufe cibiyoyinta na Indianapolis da Oakland a 2003. Kamfanonin Amurka da dama suna kai jirage Aeroman a El Salvador ko wuraren gyara a China da Hong Kong. American ce ta fi riƙe nata a gida, a Tulsa ta jihar Oklahoma, kuma nawa za a bari a fitar waje yana cikin abin da ya riƙe cinikin nan shekaru.

In an ce an sa iyaka, kashi kaza kawai za a fitar, tambayar farko ita ce kashi na mene ne? Na kuɗin da aka kashe, ko na awannin aiki? Awa ɗaya a ƙasar da lada ke da arha ba ta kai rabin ta Tulsa ba, don haka in da kuɗi ake aunawa, ana iya fitar da aiki mai yawa a ce ba a kai iyaka ba. Sannan me aka cire daga lissafin? Sau da yawa injin da ke ƙarƙashin yarjejeniyar kulawa da kamfanin da ya ƙera shi ba ya ciki, aikin garanti ba ya ciki. Sannan wa ke duba littafin? In ƙungiya ba ta da haƙƙin kawo mai binciken kuɗi nata duk shekara, iyakar ado ce.

Akwai kuma tarkon kariya da suna. A ce duk wanda ke aiki ranar sa hannu ba za a sallame shi ba. Daɗin ji gare ta, kuma tana sa a ci ƙuri'a. Amma in ba a rubuta mafi ƙarancin adadin ma'aikata ba, duk wanda ya yi ritaya gurbinsa ya bi shi.

Nura:
To in an kai ƙarshen matakan an samu damar yaji fa? Ana cin nasara?

Baba Audu:
Yaro, an ga iri biyu. A 1966 makanikan IAM kusan 35,000 suka tsayar da kamfanoni 5, United da TWA da Eastern da Northwest da National, kwana 43 a tsakiyar lokacin tafiye-tafiye, suka ƙi yarjejeniyar da Shugaba Johnson da kansa ya sanar, suka samu abin da ya fi ta. A 1989 aka yi na Eastern zamanin da take hannun Frank Lorenzo, matuƙa da ma'aikatan cikin jirgi suka mara baya, kamfani ya tsaya cak, ya shiga kotun masu karayar arziki, a Janairun 1991 ya rufe, kowa ya rasa.

Wanda ya kamata ku yi nazari shi ne na Northwest, Agustan 2005. Kamfani ya nemi a rage dala miliyan 176 a shekara daga makanikai da masu shara, wato kusan rabin guraben aiki su tafi, sauran a zabge musu wajen rubu'in albashi. Mutum wajen 4,400 na AMFA suka fita. Amma kamfani ya yi watanni yana shiri, ya tara makanikan da wasu kamfanoni suka sallama bayan 2001, ya horar da su. Matuƙa suka tashi, ma'aikatan cikin jirgi suka shiga, 'yan lodi suka yi lodi. A Satumba kamfanin ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi. Yajin ya yi kwana 444, mafi yawansu ba su koma ba.

Injiniya Bello:
Baba, da girmamawa, kada a ɗora wa tsarin ƙungiyar makanikai zalla laifin wannan. AMFA ɗin nan ce ta ja ciniki da Southwest daga 2012 zuwa 2019, mambobinta suka yi watsi da tayin 2018, sannan suka samu ƙarin kashi 20 nan take da dala miliyan 160 na ariyas ga mutum wajen 2,400. Dalilin kafa irin wannan ƙungiya shi ne makanikai na ganin in aka haɗa su da waɗanda suka fi su yawa, ƙimar lasisinsu na narkewa a teburi.

Baba Audu:
Southwest na cin riba a lokacin kuma makanikai sun yi wuya a kasuwa. Northwest na bakin rami kuma dubban makanikai na zaune a gida. Wannan ne bambanci na farko. Na biyu, AMFA ta karɓe makanikan Northwest ne daga hannun IAM a zaɓen 1998, da zafafan maganganu kan 'yan lodi, ba ta kuma cikin uwar ƙungiya AFL-CIO. Ran da ta nemi a tsaya mata, waɗanda aka raina ne ke riƙe da motar tura jirgi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, Injiniya. Kuma babban albashin da ta samo a 2001 bai hana yawan mambobinta a kamfanin raguwa da fiye da rabi kafin yajin ba, don shingen bai riƙe ba.

Hajiya Ladi:
Baba ya taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Amma haɗakar TWU da IAM ma tana da nata ciwon. Ɓangare ɗaya na son a bar musu asusun fanshon IAM da tsarin inshorarsu na US Airways, ɗayan kuma tun 2012 aka daskarar da fanshonsu lokacin da American ke kotun masu karayar arziki, abin da ke gabansu daban. Kamfani na ganin irin wannan ɓaraka yake sa yatsa.

Barista Maryam:
Tunda an ambaci haɗewar kamfanoni, jerin daɗewa a aiki shi ne ke raba 'yan'uwa. Da shi ake zaɓen duti, ranakun hutu, tasha, da wanda za a fara sallama. Da American ta sayi TWA a 2001, ma'aikatan cikin jirgin TWA an jera su ne a ƙasan kowa, da aka zo rage ma'aikata su aka fara kwashewa. Wannan ya sa sanatocin Missouri biyu, McCaskill da Bond, suka kawo dokar 2007 da ta wajabta haɗa jeri bisa adalci, in an kasa a je gaban mai raba gardama.

Ƙarin abu biyu da ke ba mutane mamaki. Dokar obataim ta tarayya ta cire ma'aikatan kamfanonin jirgin sama, don haka ninki ɗaya da rabi ko ninki biyu, daga kwantiragi yake fitowa. Ƙa'idar FAA kan hutun makanike kuma awa 24 ce a jere cikin kowane kwana 7, ko kwatankwacinta a wata. Ba ta hana mutum yin awa 16 yau ya dawo gobe ba. Hutu tsakanin duti da duti, in ba ƙungiya ta rubuta shi ba, ba shi da madogara mai ƙarfi.

Alhaji Garba:
To Delta fa? Makanikanta da 'yan lodinta ba su da ƙungiya, albashinsu kuma na sahun gaba, ga rabon riba duk Fabrairu.

Kwamared Isa:
Haka ne, Alhaji, tana biya. Tana kallon abin da American da United suka sa hannu a kai ta daidaita nata, don kada katin neman ƙungiya ya cika, tunda sai rabin ma'aikatan rukuni ɗaya a faɗin ƙasar sun sa hannu kafin NMB ta kira zaɓe. Su kuma ƙungiyoyi da albashin Delta suke kafa hujja a teburi. Amma abin da ke littafin manufofin kamfani, kamfani na iya sauya shi da takarda ɗaya, kuma wanda aka kora ba shi da kwamitin sauraron ƙorafi mai alƙali ɗan ba-ruwanmu.

Nura:
Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. Akwai abin da ma'aikatanmu na gida, 'yan ƙungiyoyin ƙwadagon jiragen sama na NUATE da ATSSSAN da NAAPE, za su ɗauka a nan?

Hajiya Ladi:
Tsarin ya bambanta, Nura. A Najeriya aikin ƙasa tuni yana hannun kamfanoni na daban, NAHCO da SAHCO, don haka ɗan lodi ba da kamfanin jirgi yake ciniki ba, da kamfanin da kuɗin shigarsa ya dogara da farashin da kamfanonin jirgi suka yarda su biya. Yajin ma'aikatan NAHCO na Janairun 2023 kan albashi ya tsayar da jirage a Legas cikin awanni, abin da takwarorinsu na Amurka ba za su iya ba. Abin ɗauka shi ne yadda ake karanta takarda. Kada a kaɗa ƙuri'a kan taƙaitaccen bayani mai shafi biyu, a nemi cikakken rubutu da duk wasiƙun gefe da aka maƙala. A duba shekara nawa ake yi kafin a kai ƙololuwar albashi, don ƙarin kashi 15 a saman tsani bai shafi wanda ke mataki na biyu ba in an ƙara wa tsanin tsawo. A duba alawus na lasisi da na dutin dare, ko suna shiga lissafin obataim da fansho ko a gefe suke.

Barista Maryam:
Sai sashen ariyas, a rubuta shi dalla-dalla: daga wace rana ake ƙirgawa, a kan duk awannin da aka biya ne har da obataim da hutu ko a kan awannin duti kaɗai, cikin kwana nawa bayan amincewa za a biya, kuma ko za a cire kason ritaya a ciki kamfani ya zuba nasa. Mafi yawan abin da ake mantawa shi ne waɗanda suka yi ritaya ko suka rasu a tsakiyar cinikin. In rubutun ya ce "ma'aikatan da ke bakin aiki ranar amincewa", to wanda ya yi shekara 3 cikin 4 ɗin ya ajiye aiki wata biyu kafin ƙuri'a ba shi da ko sisi, magadan mamaci ma haka. Jimla ɗaya ke gyara shi, a ce duk wanda ya yi aiki a tsakanin ranar kaza da ranar kaza za a biya shi gwargwadon awanninsa, shi ko magadansa. Su ba sa ɗakin ƙuri'a, don haka sai wani a kwamitin ya tuna da su tun kafin a rufe sashen kuɗi.